An dawo mini da babi na biyu, wai ina tawa maganar?

Malamin Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya. Digiri na biyu nake yi, bincikena a kan yadda ciyawar kacalla ke shafar masu noman shinkafar rani a ƙauyukanmu na yankin Auyo. Na miƙa babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, shafi ya haura arba'in, manazarta kusan saba'in. Malamin da ke duba ni ya dawo mini da shi bai gyara ko waƙafi ba. Layi ɗaya ya rubuta da jan biro a shafin farko, wai ya ji abin da kowa ya ce, bai ji abin da ni na ce ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ba cewa aka yi babi na biyu na maganar magabata ba ne? In ka sa ra'ayinka a ce wa ya tambaye ka, in ba ka sa ba a ce ina muryarka. Don Allah yaya ake yi?

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka, ba kai ne farau ba. Abin da yake nema sananne ne. A ƙarshen kowane sashe ka ƙara sakin layi ɗaya, ka ce duk waɗannan ayyuka sun yi ƙoƙari, amma babu wanda aka gudanar a ƙaramar hukumar Auyo, don haka wannan bincike zai cike giɓin. Shi ke nan. Haka muka yi muka fita, haka na gabanmu suka yi. Takarda kake nema a ƙara maka mataki a wurin aiki, ba gasar rubutu ka shiga ba.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Haba Ɗan Gumel. Irin wannan shawarar ce ke sa mutane zufa ranar kare kundi. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44. In dai "ba a yi a garinmu ba" shi ne giɓi, to take ɗaya ya isa a fitar da kundi 71, ana canza sunan gari kawai. Ina zaune a ɗaki mai jarrabawa na waje ya tambayi wani bawan Allah, me ya sa kake zaton sakamakon garinku zai bambanta da na maƙwabtanku? Ko uffan ya kasa cewa.

Ɗan Gumel:
Amma dai ya fita ko bai fita ba?

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Ya fita, bayan ya ƙara zango guda da kuɗin makaranta.

Baffa Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Yanzu na dawo daga gona na tarar da wannan. Malam na Auyo, kafin kowa ya ƙara cewa komai, ɗauko mana sakin layi ɗaya daga cikin babin, kowanne ne, ka sa a nan. Ka mayar da shi Hausa don kowa ya bi, sunayen marubutan kuma ka cire su.

Malamin Auyo:
To Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Ga ɗaya:

"Wane ya bayyana cewa kacalla na toshe hanyoyin ruwa. Haka kuma Wane da Wane sun bayyana cewa tana rage yawan amfanin gona. A nasa ɓangaren, Wane ya yi nuni da cewa mafaka ce ga tsuntsayen jan baki. Bugu da ƙari, Wance ta gano cewa ana iya sarrafa ta a samu makamashi. Har ila yau, Wane ya jaddada cewa madatsun ruwa ne suka kawo yaɗuwarta."

Yawancin babin haka yake tafiya.

Baffa Mai Ritaya:
Madalla. Malaminka ya yi maka adalci, wani da sai ya sa hannu ya bar ka da mai jarrabawa.

Duba yadda jimlolin nan suke. Kowace ta jingina da sunan mutum. Ɗauki ta ƙarshe ka kai ta farko, ɗauki ta biyu ka kai ta ƙarshe, babu abin da zai lalace. Duk sakin layin da za a hautsina jimlolinsa ma'anarsa ba ta motsa ba, jeri ne kawai, ba a gina hujja a cikinsa ba. Sannan duba abin da ka ɗaure su da shi: haka kuma, bugu da ƙari, har ila yau. Duk ƙari ne a kan ƙari. Ina "amma"? Ina "saboda"? Ina "wannan ya saɓa wa abin da Wane ya samu"?

Ka ɗauki kanka alƙali, marubutan nan saba'in shaidu. Alƙalin da ya saurari shaidu, ya rubuta abin da kowa ya faɗa dalla-dalla, ya tashi bai ce hujjar wa ta fi ƙarfi ba, bai yi shari'a ba. Muryar da malaminka ke nema ba "a ganina" ba ce. Ita ce ka nuna mana wa ya yarda da wa, wa ya saɓa, me ya kawo saɓanin, wa ya shiga gona ya auna, wa ya zauna a ofis ya kwafo daga wani.

Yanzu mu koma kan naka. Jimlarka ta ƙarshe ita ce ta farko, domin ita ce sanadi. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin su, kogin Haɗeja yakan yi ambaliya da damina ya janye da rani, rafuka da yawa su bushe. Da aka fara sakin ruwa daga madatsun har da rani, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kacalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Toshewar rafuka, taruwar laka, jan baki, raguwar amfani, duk daga nan suka biyo baya. Ka ga jimlolinka uku sun sami wurin zama a ƙarƙashin ɗaya.

Na biyu, marubutanka ba a sahu ɗaya suke ba, kai ne ka jera su. Akwai waɗanda suka kalli abin daga ƙasan kogi, daga fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace a 1993 yana cikin waɗannan, haka lissafin da Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990, inda suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama, in an haɗa noma da su da itace, ya fi kawo amfani a kan ruwan da aka tare don babban aikin ban ruwa na Kura da Kadawa. A wurin waɗannan, madatsar ce matsalar. Akwai kuma injiniyoyi da rahotannin hukuma, waɗanda a wurinsu kacalla matsalar rashin gyaran magudana ce, maganinta yasa da sara. Sai na baya-bayan nan masu cewa a mayar da ita abin amfani, iskar girki ko abincin dabbobi. Sahu uku ke nan, kowanne da tambayar da ya yi da wadda bai yi ba.

To ina manomanka suke? Suna cikin aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja. Ruwan da ake saki duk shekara shi ya ba su noman rani, kuma shi ke ciyar da kacallar da ke damunsu. Ba su zama kamar masuncin ƙasan kogi da aka rage wa ambaliya ba, ba su zama kamar injiniyan da ke kallon magudana ba. Giɓinka ke nan, in ka duba ka tabbatar ba a taɓo shi ba. Matsayin manomin ne giɓin, ba sunan garin ba.

Auta Ɗan Kazaure:
Kai! Baffa wannan ai lacca ce kyauta. Don Allah a ba mu misalin yadda sakin layin zai koma.

Baffa Mai Ritaya:
Kusan haka, shi kuma ya cike sunaye da shekaru:

"Marubuta sun haɗu a kan cewa yaɗuwar kacalla ta biyo bayan sauyin tafiyar ruwa da madatsun Tiga da Challawa suka kawo. Inda suka rabu shi ne wanda abin ya fi cutarwa da kuma mafita. Masu nazarin fadama sun auna asarar mutanen ƙasan kogi, don haka suka karkata ga a riƙa sakin ruwa yadda zai kwaikwayi ambaliyar da. Rahotannin injiniyoyi sun tsaya kan magudana, suka ba da shawarar yasa. Sai dai duka ɓangarorin ba su tsaya a kan manomin da ke cin moriyar ruwan rani kuma yake biyan kuɗin sarar kacalla daga aljihunsa ba."

Ka lura ban ce "a ra'ayina" ko sau ɗaya ba, amma duk wanda ya karanta ya san akwai mutum a bayan rubutun. Jimlar ƙarshe kuma kada ka rubuta ta sai ka tabbatar gaskiya ce, don in mai jarrabawa ya zaro maka aiki ɗaya da ya yi hakan, babin ya zube.

Ɗan Gumel:
Baffa ranka ya daɗe, ba musu nake da ku ba, amma akwai abin da ba a faɗa. Ku da kuka koyar kun san halin wasu. Yaro ɗan digiri na biyu ya rubuta cewa Farfesa Wane bai tsaya a kan kaza ba, alhali Farfesa Wane yana zaune a teburin da za a yi masa jarrabawar baka, ko abokin malaminsa ne. Wallahi na ga wanda aka ce masa, kai wane ne da za ka gyara wa malamin malaminka? Shi ya sa yara ke fakewa da "Wane ya ce, Wane ya ce". Tsoro ne, ba jahilci ba.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Baffa Mai Ritaya:
Ya faɗi gaskiya, akwai masu irin wannan hali, kuma ban ce ka je ka tsokane su ba. Amma auna aiki daban, kushe mutum daban. Ba sai ka ce ya yi kuskure ba. Ka faɗi iyakar aikinsa yadda shi kansa ya faɗe ta: a ƙauyuka nawa ya yi, a wace shekara, damina ko rani, tambayar manoma ya yi ko auna gona ya yi. Misali ka ce, binciken Wane ya dogara ne da abin da manoma suka tuna na amfanin bara, a damina ɗaya, don haka bai iya nuna sauyi daga shekara zuwa shekara ba. Wane farfesa ne zai ji haushin wannan? Ai ka nuna masa ka karanta shi har babin hanyoyin bincike, abin da yawancin masu ambaton sunansa ba su yi ba.

Kuma kada a ɗauka wannan baƙon abu ne da boko ya kawo. Ka buɗe littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu. Za su ce wane ya faɗa a littafi kaza, su kawo maganar, su rufe ta da "intaha" don ka san a nan ta ƙare, sannan su ce "na ce", su kawo tasu. Iyaka a fili tsakanin maganar wani da ta mai littafi. A namu zamanin, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi rubutu musamman a kan yadda za a auna abin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya rubuta game da Katsina: wa ya ba shi labari, a ina ya sauka, da wane ido ya kalli abin. Bai jefar da Barth ba, bai kuma haɗiye shi ba.

Ɗan Kura, Malamin Gona:
Salam. Ni ban kai ku boko ba, difloma ce da ni sai digirin farko da na ƙarasa ina aiki, amma ɗalibai da yawa ni ke raka su gonaki, kuma ina ganin abin da suke rubutawa daga baya. Malam na Auyo, tun kafin ka shiga babi na uku ka ji wannan.

Za ka tambayi manomi buhu nawa ya samu, ya ce talatin. Ka tambaye shi girman gonar, ya ce eka biyu. Ka koma ka rubuta tan kaza a hekta. To buhun wane iri? Na shanshera ne ko wadda aka sussuka aka gyara? An ɗinke bakinsa ne ko an yi masa hula? Busasshiya ce ko ranar yanka aka auna da danshinta? Ya cire zakka da abin da ya biya masu yanka da shinkafar kafin ya ce talatin, ko bai cire ba? Ita kuma ekar, da yawa ba a taɓa aunawa ba, gado ce aka ce masa eka biyu ce. Na sha zagaya gona da wayata, abin da aka kira eka biyu ya fito ɗaya da 'yan kai. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, in ka haɗa kuskuren buhu da na fili, lambar da za ta fito ba ta kowa ba ce.

Abin da zai fisshe ka, ka ɗora wasu buhunan a sikeli a kowane ƙauye, ka zagaya wasu gonakin da waya, ka rubuta a kundin ƙarara: na auna buhu kaza, matsakaicin nauyinsu kaza, da shi na yi lissafi. Ko an yi musu da kai, an san a kan me ake musun.

Baffa Mai Ritaya:
Allah ya yi maka albarka Ɗan Kura. Wannan ma rubutu ne, ba aikin gona kaɗai ba. Babi na uku amfaninsa wani ya karanta ya iya maimaita abin da ka yi. Baturiya mai bincike Polly Hill da ta yi aiki a Batagarawa da kuma Ɗorayi, har yau ana komawa littattafanta na 1972 da 1977, ba don ƙawa ba, don ta faɗi yadda ta san abin da ta sani, gida-gida, gona-gona.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Tunda an shiga babi na uku bari in sauke abin da ke cina. Lambar nan 384. Kundi goma za ka buɗe, takwas mutum 384 suka tambaya, sauran biyun 400. Ta farko daga jadawalin Krejcie da Morgan ne na 1970, ta biyu daga lissafin Yamane na 1967. Ba laifin lissafin ba ne, amma an gina shi a kan cewa ƙuri'a aka jefa, kowa na da damar a zaɓe shi daidai da kowa. Mu kuwa me muke yi? Mu je wurin dagaci, ya haɗa mu da mai unguwa, mai unguwa ya tara mana mutanensa a gindin bishiya, mu raba takardar tambayoyi, mu dawo mu rubuta cewa zaɓen ƙuri'a muka yi. Matan da ke cikin gida ba a gan su ba, Fulanin ruga ba a gan su ba, wanda ba ya shiri da mai unguwa ba a kira shi ba.

Ni a nawa, a kan zuwa awon ciki, na rubuta yadda aka yi: ta hannun ungozomomi na sami matan, don haka ƙila waɗanda ba sa hulɗa da ungozoma ba su shigo ba. Na zaci za a kama ni da wannan, sai ga shi shi ne wurin da aka yaba.

Sai kuma yawan jama'a. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce. Duk lambar da ka kawo ta yau hasashe ne, to ka faɗi daga wace lamba ka tashi da kashin ƙaruwar da ka yi amfani da shi.

Malamin Auyo:
Hajiya wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Akwai kuma inda na rubuta a manufar bincike cewa zan nuna yadda kacalla ke haddasa talauci.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Da takardar tambayoyi ta zagaye ɗaya? Ba za ta iya ɗaukar "haddasa" ba. Abin da za ka iya cewa shi ne, manoman da gonakinsu ke kusa da magudanar da ta toshe sun ba da rahoton amfani ƙasa da na sauran. Ƙila kacallar ce. Ƙila kuma tun asali marasa ƙarfi ne aka bar wa gonakin ƙarshen magudana, ba su da kuɗin taki. Kowace jimla ka ba ta nauyin da hujjarka za ta iya ɗauka, kar ka ƙara mata.

Auta Ɗan Kazaure:
Manya a yi mini afuwa, ni sabon shiga ne. Abokanmu da yawa ChatGPT suke ba wa take ya rubuto babin, sannan su bi da wata manhaja ta canza kalmomi don Turnitin, manhajar gano kwafe, kada ya kama. Suna cewa in dai kason kamanceceniyar ya sauka ƙasa da abin da makaranta ta yanka, an gama.

Mai Unguwar Zaure:
Kafin a amsa masa: wanda ya turo tallar "muna rubuta kundi daga babi na ɗaya zuwa na biyar" na goge, in ya sake zan fitar da shi. A ci gaba.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Auta, Turnitin kamanceceniyar kalmomi yake aunawa, ba gaskiyar mutum ba. Za ka iya kwashe tunanin wani kaf, ka canza kalmomi, kason ya fito ƙasa, kuma satar fasaha ce. Za ka iya yin aikinka da guminka kason ya hau saboda jerin manazarta da sunayen hukumomi. Shi kuma ChatGPT yakan ƙirƙiro maƙalar da babu ita a duniya, da sunan marubuci na gaske da sunan mujalla ta gaske da lambar shafi. Duk abin da ba ka buɗe da idonka ba kada ya shiga manazartarka. In a cikin aikin wani ka ga an ambato shi, ka rubuta cewa daga wurin wane ka samo, tsarin rubuta manazarta na APA ya tanadi yadda ake yin haka.

Ɗan Gumel:
Ni dai ina amfani da shi wajen gyaran Turanci, kuma ba na jin kunya. Ba da Turanci aka haife mu ba.

Baffa Mai Ritaya:
Gyaran nahawu ban hana ba, in makarantarku ta yarda, kuma ka tambaya tukuna. Amma mafi yawan abin da ɗalibai ke kira matsalar Turanci ba ta Turanci ba ce. Da ina aiki, in yaro ya kawo mini shafi a cukurkuɗe, nakan kife takardar in ce faɗa mini da Hausa me kake son cewa. In ya iya faɗa a jimla biyu, sai in ce to rubuta wannan. In ya fara kame-kame, mun gano inda ciwon yake, kuma babu na'urar da za ta gyara shi.

Malamin Auyo:
Baffa, to a aikace ta ina zan fara? Ina koyarwa har azahar, garinmu babu wuta, kwamfutar sai na kai shagon mai sola. Intanet kuma sai na hau tudun bayan makaranta.

Baffa Mai Ritaya:
Aikin da ke gabanka ba ya buƙatar wuta. Sayi babban littafin rubutu, ka buɗe shafi biyu a haɗe, ka ja layuka. Kowane aiki layi ɗaya: marubuci da shekara, tambayar da ya yi, inda ya yi, yadda ya tattara bayani, abin da ya samu, abin da bai duba ba. Gurbin ƙarshe ka rubuta da wa ya yarda, da wa ya saɓa. Abin da ya samu ka rubuta shi da bakinka bayan ka rufe maƙalar, in kuwa ka kwafi jimlarsa ka sa mata alamar zance da lambar shafi nan take, don bayan wata uku ba za ka tuna wacce ce taka ba.

Za ka ga abu biyu. Cikin saba'in ɗin nan akwai waɗanda tsakurensu kawai ka karanta, guraben za su tsaya fayau. Ko ka nemo su ka karanta, ko su fita. Akwai kuma waɗanda ba su da alaƙa da tambayarka, irin masu bayanin ma'anar noma da tarihin shinkafa a Asiya. Su ma su fita. In babin ya dawo shafi ashirin da biyar, bai ragu ba.

In ka gama, kanun sassanka su fito daga gurbin ƙarshe, ba daga sunayen mutane ba. Kuma kafin ka rubuta kowane sakin layi, rubuta jimlarsa ta farko ba tare da sunan kowa ba. In ta ƙi fitowa, ba ka shirya rubuta shi ba.

Ɗan Gumel:
Shafi ashirin da biyar! Baffa akwai sashen da in babi na biyu bai yi kauri ba ko buɗewa ba za a yi ba. Da hannu ake auna shi.

Baffa Mai Ritaya:
Akwai. Amma shi nasa malamin ya riga ya gaya masa abin da yake so da jan biro.

Ɗan Gumel:
To Allah ya sa kowa ya dace da irinsa. Ni dai nawa kauri ya nema, na ba shi.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Malam na Auyo, ranar da ka shiga Haɗeja ko Dutse ka sami intanet mai ƙarfi, ka sauke manhajar Zotero. Kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, ita za ta jera maka manazarta a tsarin APA bugu na 7 ba sai ka yi ta fama da waƙafi da baka ba, sai dai ka duba abin da ta ɗauko, takan kwaso suna a juye. Ka duba shafin AJOL don mujallun Afirka. A Google Scholar kuma, in ka sami aiki ɗaya mai kyau, latsa wurin da ke nuna waɗanda suka ambace shi daga baya, ta nan za ka taho daga 1993 zuwa yau. Duk daren da ka yi rubutu ka tura wa kanka ta imel. Wata ƙawata a mota aka ɗauke mata jaka da babi huɗu a ciki.

Auta Ɗan Kazaure:
Hajiya, mu an ce sai mun buga maƙala kafin a ba mu ranar kare kundi. Akwai mujallar da ta turo mini saƙo, wai cikin kwana uku za ta buga in na biya.

Malamar Asibiti, Birnin Kudu:
Kwana uku wa ya karanta ta? Mujallar kirki sai ta aika wa masana biyu ko uku, su dawo maka da gyara, abin yakan ɗauki watanni. Duba ko sunanta na cikin jerin tantattun mujallu na DOAJ ko Scopus, ka duba a shafinsu da kanka, kada ka yarda da tambarin da ta manna. Sannan ka tambayi sashenku jerin waɗanda suke karɓa kafin ka fitar da ko sisi.

Malamin Auyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baffa in na gama jadawalin zan ɗauki hotonsa in turo muku ta gefe, in ba takura.

Baffa Mai Ritaya:
Turo, amma bayan isha'i, da rana ina gona. Ka fara da goma da ka fi dogara da su.

Ɗan Kura, Malamin Gona:
Malam, ƙari ɗaya. Kada ka kai takardar tambayoyinka lokacin yanka, ba wanda zai saurare ka, in ma sun tsaya amsar sallama za su ba ka. Amma awon buhu a lokacin ne za ka yi shi, kafin 'yan kasuwa su kwashe. Hirar ka bari sai an kai amfani gida, da yamma bayan la'asar. Ka nemi shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa na sashenku, yawanci suna da jerin sunayen masu gonaki magudana-magudana, daga wannan jerin za ka iya jefa ƙuri'ar da Hajiya ke magana. Ina da ƙaramin sikelin rataye, in kana so ka yi magana in ba direban Haɗeja ya kawo maka tasha.